Gayyar da Muka Kira Cikin Azumi

Shekaranjiya da hantsi ina shanya a bayan gida, nan Unguwar Dosa, sai na hango wani mutum a filin da ke jikin katangarmu. Ya goya tankin feshi, yana tafiya a hankali tsakanin kunyoyin masara. Kafin in gama matse kayan jikokina har ya kai ƙarshen gonar, ya wanke hannu, ya hau babur ya yi gaba. Yau da na leƙa, ciyawar ta yi laushi ta kwanta. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ta ƙamshi. Na daɗe a tsaye da bokiti a hannu, don ƙamshin nan ya mayar da ni wata damina da azumi ya faɗo a cikinta, lokacin ina goyon Hadiza, 'yata ta fari.

Shekarar ce aka yi ta rage ma'aikata. Malam, maigidana, akawu ne a wani ofishin gwamnati, muna zaune a Doka, cikin Kaduna, ɗaki biyu da famfo a tsakar gida. Wata rana ya dawo tun kafin azahar, ya rataye hularsa, ya ce, "Maman Hadiza, sai haƙuri. Abin ya biyo ta kanmu." Kasuwa kuwa ba a magana. Sabulu, madara, shinkafa, duk sai an bi layi, wani lokacin ka kai gaba a ce maka ya ƙare. Muka lallaɓa na 'yan watanni. Da muka ga zaman birni ba zai yiwu ba, muka kwashe komatsanmu muka koma wani ɗan ƙauye a bayan Katabu, kan hanyar Zariya, inda wani abokin Malam ya bar mana ɗaki da rumfa.

Wanda ya san wajen yanzu, da gidajen bulo da shaguna ko'ina, ba zai yarda da ƙanƙantarsa a lokacin ba. Bakin titi namu ne, Hausawa: Kanawa masu tebur, Zazzagawa 'yan uwana, da Katsinawa da Daurawa waɗanda fari ya koro daga arewa, sai wani malami da ɗalibansa a zauren da ke jikin masallaci. In ka ba titi baya, ƙasa tana ɗan hawa, ja ce mai tsakuwa. A kan tudun nan Gbagyi suke, waɗanda mu a lokacin Gwarawa muke ce musu. Su ne masu ƙasa, duk wanda ka ga yana noma a hannunsu ya karɓi gona. Rumbunansu sun fi ɗakunan kwanansu yawa. Mafi yawansu coci suke zuwa, kaɗan na salla, tsofaffi kuma suna nan kan abin da suka gada. Daga tudun sai gangare, daga gangare sai rafi, wanda da rani akuya ke tsallakewa, da damina ƙato ke shakkarsa. Hayin rafi rugar Fulani ce. Ban da waɗannan akwai Bayarbiya ɗaya mai injin niƙa. Garin ke nan. In baƙo ya sauka daga mota, kafin ya kai masallaci an san gidan da za shi.

Wani dattijo na kan tudu, Baba Danladi, shi ya ba Malam aron gona a gangaren, dab da rafi. Rabon Malam da fartanya tun yana yaro, hannunsa ya saba da biro. Amma ya dage. Muka ɗebi iri daga buhun masarar da muka zo da shi, abin da ya rage a buhun shi ne cimarmu har sabuwa ta nuna. Ruwa ya sauka da kyau. Masara ta tsiro, harƙiya ta tsiro tare da ita, har ta fi ta sauri. Ana cikin haka aka ga wata.

Azumin damina ba irin na bazara ba ne. Ba ƙunar rana kaɗai ba, gumi ne. Hadari ya haɗu ya tsaya a sama bai zubo ba, iska ta ɗauke, mutum ya ji kamar an kifa masa tukunya. Da sahur mu sha kunu da ɗumamen tuwo. Ana idar da asuba Malam ya saɓi fartanya ya fita. Ni kuma in share gida, in ɗebo ruwa a rijiyar maƙwabta, in yi wanki, in zauna da Alƙur'ani har Hadiza ta farka. Kafin azahar Malam ya dawo yana jan ƙafa, tafin hannunsa duk ya yi bororo. In shafa masa man kaɗanya, ya kwanta a rumfa. Inda ya nome a saman gona, kafin ya kai tsakiya ciyawa ta sake rufewa. Masara ta soma yin rawaya, siririya kamar tsintsiya. Ba albashi, ba wata gonar. Duk mun sani, ko da yake ba wanda ya furta: in ciyawa ta ci masarar nan, mu ta ci.

Baba Danladi ne ya tsaya a bakin gonar wata safiya, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, wannan ta fi ƙarfin hannu biyu. Ka kira gayya." A garin, kowane gida da ranarsa. Mutane su taru su nome maka gonarka, ba ka biyan kowa, abinci kawai za ka ba su, in ranar wani ta zo kai ma ka je. Ranakun duk an riga an raba, Talata ɗaya ce ta rage, Baba Danladi ya ce ya ba mu ita. Hausawan bakin titi kowa yana fama da bakinsa da tasa gonar, saboda haka mutanen kan tudu ne za su zo.

Malam ya dawo da fara'ar da na daɗe ban gani ba. "Abinci kawai suke so," in ji shi. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ko da yake ba sauƙin ba ne. Na zazzage buhu na ɗebi fiye da rabin abin da ya rage, na surfa, na kai injin Bayarbiya aka ɓarza mini tsaki. Na tanadi rama da yakuwa, da ɗan manja, da daddawa. Na tsara komai a raina: dambu zan yi, in dama kunun tsamiya, in shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, in an kira magariba a zauna a ci a ƙoshi. Na yi sakandare da 'yan mata Kirista, na san sarai ba kowa ke azumi ba. Amma sanin yana kai, bai sauko hannu ba. Tun da aka haife ni a cikin ganuwar Zariya ban taɓa ganin an ɗora tukunyar manya da rana a watan azumi ba. Malam ma haka. Ko sau ɗaya ba mu tambayi juna yaushe za a ci ba.

Ranar Talata aka wayi gari da yayyafi, daga baya rana ta buɗe. Daga tsakar gida ina jiyo kiɗa da waƙa can ƙasa-ƙasa daga gangare, zuciyata fari ƙal. Na gama aikace-aikacena, na kwantar da Hadiza, ni ma na ɗan kishingiɗa. Rana ta take tsaka sai na ji sallama. Mama Laraba ce, matar Baba Danladi, da ƙaton masaki a kafaɗa, don matansu ba sa ɗaukar kaya a ka.

"'Yar Doka, ina kike? Fito da kayan, mutane sun shiga inuwa."

"Wane kaya, Mama Laraba?"

Ta dube ni, ta dubi murhu. Ta sunkuya ta tura hannu cikin toka. Ta ɗago.

"Ke, a ina kika yi girkin?"

"Ai sai la'asar zan ɗora. Kafin a sha ruwa ya nuna."

Ta sauke masakin a hankali, ta zauna a kan turmi. "Sha ruwa! Mutum ya sunkuya tun fitowar rana, ki ce ya jira faɗuwarta? Mu muka ga watan?"

Na ce, "Yanzu yaya za a yi?"

"Ba wanda zai zage ku," in ji ta. "Za su zauna gindin ɗorawa. In inuwa ta juya ba a kawo komai ba, kowa ya saɓi fartanyarsa ya tafi gida. Gonar da aka tashi a cikinta da yunwa kuwa, ba a komawa. Ko bana, ko baɗi."

"Ina suka kai?"

"Rabi ma da ƙyar."

Na ce innalillahi, na ruga bakin zana na kira maƙwabciyata Tabawa, Bakanuwa mai ƙosai, wadda ta girme ni nesa. Ta fito da ɗankwali a hannu, idonta duk barci. Da ta ji labari sai ta riƙe ciki tana dariya.

"Zage-zagi! Kun kira gayya kun sa ta azumi?"

"Yaya Tabawa, don Allah, ba lokacin wasa ba ne."

"Me kike da shi?"

"Tsaki. Dambu na yi niyya."

"Dambu? Kafin ya turara sun kai gida sun yi wanka. Fate za ki yi. Yau gado ya yi rana, ai ku ba abin da kuka iya sai shi."

Tana tsiya tana ɗaura ɗankwali. Ta leƙa zanan da ke bayan nata ta kira matar Badauri, ita kuma ta kira ta gaba da ita. Mata masu azumi, kowace ta kwanta tana lallaɓa ranarta, sai ga su suna fitowa da tukwane. Itace duk ya jiƙe da yayyafin safe, sai hayaƙi yake. Na dubi zanan da ya raba ni da Tabawa, wanda ke ƙarƙashin rumfa a bushe, na kama na yage. Da shi muka tada wuta. Aka raba tsakin tukunya-tukunya don ya yi saurin nuna. Hayaƙi ya tashi a unguwar bakin titi da tsakar rana, har maza da ke kwance a inuwar masallaci suka aiko tambaya ko haihuwa aka yi.

Mama Laraba ta dubi sama ta ce, "Wannan ba zai nuna kafin inuwa ta juya ba. Sai an sami abin da zai riƙe su."

Tabawa ce ta tuna da Adda Biba, Bafulatana daga hayin rafi. Cikin azumi ba mai sayen nono da rana, sai ta zo ta zauna gindin mangwaro da ƙwaryarta cike tana jiran yamma. Aka kira ta.

"Adda, ki kai wa 'yan gayya nonon nan gona," in ji Tabawa. "Dusar gidan nan taki ce har kaka."

"Su wa ke gayyar? Mutanen da suka ce shanuna sun ci musu doya?"

"Ai sun ci," in ji Mama Laraba.

"Kin gani da idonki?"

"Na ga kashinsu a kunyata."

Adda Biba ta gyara gammo ta ɗora ƙwarya. "To bari in je in ga bakinsu a ludayina. Gobe ma su sake cewa."

Ban taɓa jin ƙishi irin na ranar ba. Ga wuta, ga rana, ga Hadiza ta farka tana neman nono. Harshena ya manne da ganda. Ƙamshin yakuwa da daddawa yana dukan hancina ina kau da kai, ina juya tukunya ina salati. Da fate ya soma kauri sai Tabawa ta ce, "To, wa zai ɗanɗana gishiri?" Muka tsaya muna kallon juna, kowace da ludayi a hannu. Mama Laraba ta ture mu.

"Ku matsa, masu azumi."

Ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana hurawa tana kurɓa. "Wannan ya yi. Wannan ki ƙara, mai gumi gishiri yake so. Wannan wa ya dafa? Bakanuwa? An gani."

"Ci ki bar mana surutu," in ji Tabawa.

Aka juye a masaki da manyan kwanuka. Tun zuwanmu garin ban taɓa taka gonar ba, iyakata rijiya da inji. Ranar ban tsaya neman izinin kowa ba. Na miƙa wa Tabawa Hadiza, na yafa mayafi, na ɗora kwano a ka. Zafinsa yana ratsa gammo. Mama Laraba tana gaba da masaki a kafaɗa, tana tafiya kamar ba ta ɗauki komai ba, wasu mata biyu na kan tudu suka karɓi sauran a hanya. Muka hau ta tsakanin rumbuna, karnuka suna haushi, tsofaffi a bakin ɗakuna suna yi mana sannu. Muka soma gangarawa.

A tsakiyar gangaren muka yi kiciɓis da su. Samari ne majiya ƙarfi, suna hawowa a jere, kowa da fartanya a kafaɗa. Nonon ya riƙe dattawa, su bai riƙe su ba. Hanyar siririya ce tsakanin kunyoyin doya, ba ta ɗaukar mutum biyu. Mama Laraba ta sauke masakinta a tsakiyarta, ta yi musu magana da yarensu, doguwa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Suka tsaya suna kallon gefe. Na gabansu, wani dogo da gumi ya jiƙe wa riga, ya amsa mata da Hausa don in ji.

"Mama, ba faɗa. Rana ta yi, shi ke nan."

Na sauke nawa kwanon, na durƙusa na buɗe. Tururi ya tashi. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yanzu aka sauke. Ni ban ɗanɗana ba, amma Mama Laraba ta ce gishiri ya ji."

Ya dubi kwanon, ya dubi leɓɓana da suka bushe suka yi fari.

"Kina azumin kika dafa?"

"E."

"To wa zai iya ci kina kallonsa?"

"Zan juya baya."

Wani daga bayansa ya fashe da dariya, sauran suka kama. Dogon ya girgiza kai, ya sauke fartanyarsa ya miƙa wa na kusa da shi, ya sunkuya ya ɗauki kwanona da kansa. Suka juya muka gangara tare.

A gindin ɗorawa inuwa ta riga ta juya. Baba Danladi yana zaune a tsakiyar dattawa yana jan wani labari da alama tun ɗazu ya ƙi kai ƙarshensa. Adda Biba tana gefe tana suɗe ƙwarya da yatsa tana musu da wani tsoho kan doya. Malam kuwa yana can nesa kan kunya shi kaɗai, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ɗago ya gan ni, sai ya miƙe.

Aka zagaye masaki. Na cika alkawari, na je na zauna kusa da Malam, muka ba su baya muna fuskantar gonar. Daga nan ake ganin komai. Sama an nome tas, jar ƙasa ta fito, masara tsaye ɗaiɗai. Ƙasa kuwa kore shar har bakin rafi, ba ka bambance shuka da ciyawa. A bayanmu sai ƙarar ludayi da hurawa.

"Ni ma sai da suka ajiye fartanya na gane," in ji Malam a hankali. "Na rasa ta inda zan bi in zo in gaya miki, kada su ce na gudu."

Kunnena yana baya, ina jiran in ji ko sama za su yi ko ƙasa. Can sai na ji an buga ganga. Suka wuce ta gefenmu ɗaya bayan ɗaya, suka jeru a bakin ciyawa, suka sunkuya. Malam ya ɗaure tafinsa da tsumma ya bi su.

Ban koma gida ba, na zauna tare da Mama Laraba muna wanke kwanuka a rafi. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta taso tana kaɗa ganyen masara. Suka ƙara sauri. Ɗigon farko ya faɗo sun kai bakin rafi, sai wani ɗan siririn yanki da bai fi Malam ya ƙarasa shi kaɗai ba. Kowa ya saɓi fartanya aka kama gudu. Malam yana ta godiya, ba mai sauraronsa. Baba Danladi ne kaɗai bai yi gudu ba. Ya soma hawa tudu a hankali. Sai ya waiwayo.

"Malam, jibi gonata. Ka zo da fartanyarka. Ka kuma gaya wa uwargida, mu da rana muke ci."

Da magariba ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Tsaki ya ƙare, kunun tsamiya ban dama ba. Muka yi buɗa-baki da ruwan randa da ƙanzon tukunya, Tabawa ta miƙo ƙosai ta inda zana yake a da, tana cewa ba ta yi da maƙwabtan da ke ƙone katanga.

Ranar Alhamis Malam ya tafi gonar Baba Danladi da azuminsa. Bai dawo ba sai dab da kiran salla, jikinsa duk jar ƙasa, ya rungumo ƙwarya an rufe ta da faifai.

"Na biyo ta gonarmu," in ji shi. "Masara ta ɗaga kai."

Na ce alhamdulillahi. Na buɗe ƙwaryar. Doya ce dafaffiya, ragowar ta bara, da manja da ɗan yaji a gefe.

"Wannan fa?"

"Rabona ne na rana, Mama Laraba ta ajiye mini. Na ce ta bar shi, ta ce in kawo miki, in gaya wa 'Yar Doka ba a tashi a gonarta da yunwa, ko da mai azumi ne."

Ladan ya ɗaga murya. Na ɗebo ruwa na zuba masa a hannu, a hankali, saboda bororon.